Sittin da Ɗaya

Iskar Yuli ce ta kayar da ita,
tsohuwar bishiyar tuffa da ke bayan rumfa,
a kwarin Huon, can ƙasan Tasmaniya,
inda sanyi ke kwana a kan kogi har hantsi.
Kakana Athol ya zagaya ta sau biyu, hannu a aljihu,
ya ce, "Akwai alƙaluma a cikinta."

Muka yanka ta guntu-guntu,
kowane tsawon tafin hannu.
Zarto na shiga, ruwa na tsattsafowa.
Na kanga ɗaya a kunci, sanyi kamar hancin kare.
Ya narka kakin zuma a gwangwanin wake,
muka tsoma kai, muka tsoma gindi.
"Ta baki ruwa ke gudu," in ji shi,
"in ya fita a guje sai ya yaga ƙofa.
Toshe masa. Bar shi ya bi ta gefe."

Jakar takarda, dusar katako, saman kabad,
nesa da murhu, nesa da taga.
Duk Lahadi bayan shayi
a sauko da sikelin fulawar kakata,
ya lashi fensir, ya rubuta a jikin icen:
casa'in da huɗu.
Tamanin da takwas.
Tamanin da biyar.
"Ran da nauyi ya tsaya, ran nan ya gama kuka."

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ban da na alƙalami.
Sassaƙa shi ɗanye, ya yi maka kyau yau,
gobe ya karkace ya tofar da ƙarfen cikinsa.

Ni kuwa shekarata sha huɗu,
wata tara a wurina daidai yake da har abada.
Ran da suka tafi Hobart ganin likita
na sace guntu ɗaya,
na jefa a akwatin ɗumama abinci.
Minti uku.
Ya yi tsaki, ya yi gumi, ya yi fas!
Kwana biyu gidan na ƙauri.
Kaka ya juya shi a hannu, ya bi tsagar da farce,
bai ce uffan ba.
Ya rubuta sunana a jiki, Bronte,
ya mayar cikin jaka tare da 'yan'uwansa.
Da ya zage ni, da na fi samun barci.

Saba'in. Sittin da shida.
Ruwan sama ya ɗauke, tumaki suka sha aski.
Lambobin suka fara rawa a jikin icen,
bakwai ta koma kamar ɗaya,
shayi na zuba a faranti kafin ya kai baki.
Sai na karɓi fensir, ba wanda ya ce komai.

Sittin da ɗaya.
Lahadi ta zagayo, sittin da ɗaya.
Wata Lahadin ma haka.
Maƙwabta na tsinkar tuffa, motoci na wucewa da akwatuna.
Ice ya shirya,
hannun da ya jira shi bai shirya ba.

Ya kunna injin juyi, ya ja baya,
ya miƙo min cizal ta wajen ƙota.
Na kai hannu ga mafi kyawun guntu.
Ya ce, "A'a. Naki."
Muka cusa garin kofi a cikin tsagar,
muka ɗiga gam, muka jira, wannan karon na jira.
Ice na juyawa, ɓawo na tashi siriri, busasshe,
yana sauka a gashina, yana ƙamshin tuffa.
Numfashinsa a bayan kunnena:
"Sassauta. Ba faɗa kuke ba."

Ga shi nan a aljihun rigata,
fari-fari, da baƙin layi daga wuya zuwa ƙugu.
Masu saye kan tambaya ko na sayarwa ne.

Jiya iska ta karya reshen goro a gonar Direen.
Na narka kaki a gwangwanin wake.
Ɗari da biyu, na rubuta,
tawada ta ɗan baje don danshi.